Gwamnatin da Ta Fita Neman Ilimi: Lacca a Kan Sauyin Ƙasar Jafan

Bismillahir rahmanir rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, iyayenmu mata, ɗalibai 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To, madalla. Waɗanda ke tsaye bakin ƙofa ku shigo, ga kujeru nan gaba babu kowa, kujerar gaba ba ta cizo. (dariya)

An ce in yi magana a kan Jafan, yadda ta sauya a cikin shekara ɗari da hamsin ɗin nan. Abu huɗu na shirya. Na farko, yadda ƙasar take a rufe da yadda aka buɗe ta da ƙarfi. Na biyu, gyaran zamanin Sarki Meiji. Na uku, yaƙi. Na huɗu, farfaɗowa bayan yaƙi har zuwa yau.

Babu wanda ke zauren nan da bai taɓa cin amfanin Jafan ba. Wanda ya zo a Toyota, wanda ya zo a kan babur Honda ko Suzuki. Iyayenmu mata kuma, farin magin nan na miya, Ajinomoto, wani malamin jami'ar Tokyo ne mai suna Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908. Su ma suna cin namu, don riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa, Jafan na cikin manyan masu sayensa. Amma in ka tambayi yawancin mutane yaushe Jafan ta tashi, sai su ce bayan an jefa mata bam a 1945. Ni kuwa na zo ne in ce muku tashin ya girmi bam ɗin da shekara saba'in.

Daga 1603 gidan Tokugawa ne ke riƙe da ƙasar. Akwai sarki a birnin Kyoto, ana girmama shi, amma ba shi da iko. Iko yana hannun shogun, wato sarkin yaƙi, a birnin Edo, kuma ƙasar a rarrabe take hannun sarakunan yanki sama da 250, kowa da baradensa, su ne samurai. A shekarun 1630 suka rufe ƙofa. Suka kori 'yan Fotugal, suka tsananta haramcin addinin Kirista, ɗan ƙasa kuma ba ya fita, in ya fita ya dawo hukuncinsa kisa. Cikin Turawa mutanen Holan kaɗai aka bari, su ma a wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu a Nagasaki, ana ce masa Dejima. Haka aka zauna fiye da shekara 200.

Sai a watan Yulin 1853 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Perry, ya shigo mashigin Edo da jiragen yaƙi huɗu, biyu masu aiki da tururi, da igwa a jikinsu. Ya miƙa takardar shugaban Amurka, ya ce zai dawo karɓar amsa. Ya kuwa dawo a 1854 da jiragen da suka fi na farko yawa. Jafanawa sun riga sun ji abin da Ingila ta yi wa ƙasar Sin a yaƙin da ya ƙare a 1842, sun san ba su da abin tare igwar nan. Suka sa hannu. A 1858 aka sake ɗora musu wata yarjejeniya wadda ta fi ciwo. Ku riƙe abu biyu a cikinta. Baƙo in ya yi laifi a Jafan, alƙalin Jafan ba zai yi masa shari'a ba, sai ofishin jakadancin ƙasarsu. Sannan kuɗin fiton kayan da ke shigowa, ba Jafan ke yanke wa kanta ba. Ƙasarka, amma ba ka da ta cewa a kan kotunka da bakin ruwanka. Wannan wulaƙancin shi ya ci gwamnatin shogun. Matasan samurai daga yankunan Satsuma da Choshu suka haɗa kai, a 1868 suka kifar da ita da sunan maido wa sarki ikonsa. Sarkin, wato Meiji, yaro ne ɗan shekara 15. Aka ɗauko shi daga Kyoto zuwa Edo, aka sauya wa birnin suna ya koma Tokyo. A cikin rantsuwar da aka yi da sunansa a shekarar, mai sharaɗi biyar, na ƙarshe shi ne za a nemo ilimi a ko'ina cikin duniya.

To jama'a, a nan nake so ku ba ni kunnuwanku, don wannan wurin shi ya sa na karɓi gayyatar nan.

Shekara uku da kafa gwamnati. A watan Agustan 1871 sun rushe sarautun yankin nan gaba ɗaya, sun mai da su larduna da gwamnoni na naɗi. Ƙasa tana tafasa, samurai suna gunaguni, baitulmali ba kuɗi. Me za ka yi in kai ne? Za ka zauna ka tsare kujerarka. Su kuwa a watan Disambar wannan shekarar manyan gwamnati suka shiga jirgin ruwa a Yokohama suka bar ƙasar. Ba ƙananan ma'aikata aka tura ba. Iwakura Tomomi ne jagora, yana cikin manya na ƙoli a fada. Da Okubo Toshimichi, ministan kuɗi. Da Kido Takayoshi. Da Ito Hirobumi, ɗan shekara 30, wanda daga baya ya zama firaministan farko. Jami'ai kusan 50, ga ɗalibai da za a ajiye a makarantun waje. Iwakura da tawagarsa ba su dawo ba sai Satumbar 1873. Ku ƙirga, wata 21. Waɗanda suka yi juyin da hannunsu, suka bar wa abokan aikinsu riƙon ƙasa, suka tafi kusan shekara biyu. Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, waɗannan sun ɗauki maganar da gaske.

Akwai hoton da aka ɗauke su a San Francisco, ku nema a wayoyinku bayan an tashi, ban ce yanzu ba. Iwakura yana zaune a tsakiya da kayan gargajiya da tukkun gashinsa, amma ƙafarsa takalmin Turawa ne. Sauran mutum huɗun da ke hoton duk sun sa kwat.

Niyyarsu ta farko a gyara yarjejeniyar nan. Suna isa Washington aka tambaye su takardar da ke nuna sarki ya ba su ikon sa hannu. Babu, ba su san ana buƙatarta ba. Okubo da Ito suka juya, suka ratsa Amurka, suka haye teku, suka koma Tokyo suka karɓo takarda suka dawo. Wata huɗu. Da suka dawo kuma maganar ba ta yiwu ba. Wani zai ce an ji kunya a koma gida. Su sai suka ce, ashe abin da ba mu sani ba ya fi yadda muka zata, to mu tsaya mu koya. Daga nan tafiyar ta zama makaranta.

Ƙasa 12 suka zaga. A Ingila kaɗai sun yi kamar wata huɗu. Kuma ina suka je? Masaƙun auduga a Manchester. Wurin ƙera jiragen ruwa a Glasgow. Ma'aikatar igwa a Newcastle. Maƙerar ƙarfe a Sheffield. Sun shiga ramin haƙar kwal da ƙafarsu. Sun shiga gidan yari, sun shiga kotu sun zauna sun ga yadda ake shari'a, sun shiga gidan waya, banki, asibiti, makarantar makafi, makarantar firamare. Ina so ku ji wannan da kyau, ministan kuɗi na ƙasa guda yana tsaye a bayan aji yana kallon yadda ake koya wa yara lissafi. Ba sayayya suka je ba. Gani suka je yi, gani kuwa ya kori ji. A Jamus suka je Krupp, ma'aikatar ƙarfe da igwa, suka ci abinci da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, a watan Maris 1873. Abin da ya gaya musu a taƙaice shi ne manyan ƙasashe suna bin dokar duniya ne in ta yi musu daɗi, in ba ta yi ba sai su koma ga ƙarfi. Wannan magana ta shige su ƙwarai, kuma za mu ga inda ta kai su.

Akwai magatakardan tawagar, Kume Kunitake. Shi aikinsa rubutu. Duk inda aka shiga yana rubutawa: injin nan yaya yake juyawa, ma'aikata nawa, kwal daga ina, riba ta wace hanya. Da aka dawo gwamnati ta buga rahoton a 1878, juzu'i biyar, ta sa a kasuwa kowa ya saya. Ba a kulle shi a durowa ba. Kuma akwai abin da ya lura da shi wanda a ganina ya fi komai. Ya duba tarihin Turai, ya ga wannan arzikin, da jirgin ƙasa da jirgin tururi da tangaraho, ba tun kaka da kakanni suke da shi ba, bunƙasarsa ta kamar shekara 40 ce. Ku tsaya ku yi tunani. Mutum ya ga Landan a 1872, daga ƙasar da injunanta ba su taka kara sun karya ba, maimakon ya ce waɗannan wata halitta ce daban, sai ya ce tazarar shekara 40 ce, ana iya cim mata. Shekara arba'in. Wannan lissafin shi ne Jafan ta zamani.

Sai suka zauna suka tsince. Sojan ruwa, irin na Ingila. Sojan ƙasa, da farko na Faransa, daga baya na Jamus. Likitanci, Jamus. Babban banki, da aka kafa a 1882, tsarin Beljiyam. Tsarin mulkin 1889, sun jingina da na Jamus don ya bar wa sarki iko mai yawa. Sun ɗauko ƙwararru daga waje, injiniyoyi da malamai, suna biyansu albashi mai tsoka, amma da sharaɗin kowa ya koyar da na gida. Da na gida ya iya, sai a sallami baƙo da godiya. Layin dogo na farko, Tokyo zuwa Yokohama, kilomita 29, an buɗe shi a 1872 da injiniyoyin Ingila. Ba a daɗe ba Jafanawa suka koma shimfiɗa nasu.

Na manta ban gaya muku ba, a cikin jirgin nan akwai yara mata biyar. Ƙaramarsu Tsuda Umeko, shekararta shida. An bar ta a Amurka ta yi shekara 11, ta dawo har ta manta harshen gida, ta sake koyo, a 1900 ta kafa makarantar mata wadda yanzu jami'a ce. Hotonta ne a takardar yen 5,000 da aka fitar a 2024. Ɗalibai mata da ke can gefe, wannan taku ce.

Yanzu tambaya. Wasu ƙasashen ma sun tura mutane Turai a wancan zamani, Masar ta tura, Turkiyya ta tura. Me ya sa na Jafan ya kama ƙasa da sauri haka? Dalilai suna da yawa, amma wanda na fi ba ƙarfi shi ne sun tarar da jama'a masu karatu. Tun zamanin shogun akwai ƙananan makarantu dubbai a birni da ƙauye, ana ce musu terakoya. Malami guda, a ɗakinsa ko a wurin ibada, yaran unguwa suna zaune a ƙasa, kowa da darasinsa daidai ƙarfinsa, iyaye suna kawo abin da ya sawwaƙa. In kun ce wannan ai makarantar allo ce, ban musa ba, kamar ta yi yawa. Abin da ake koyarwa shi ne karatu da rubutu da lissafin ciniki, a harshen da yaro ke magana da shi. Da gwamnati ta kafa dokar ilimi a 1872, wadda ta ce kada a samu gida a ƙauye mai jahili, ba daga sama ta faro ba. Da yawa cikin makarantun firamaren farko waɗannan ɗakunan ne aka sauya musu tsari, malaman ma su ne. Ba a ce a rushe na da don a kawo na zamani ba, a kansa aka yi gini. Kuma ilimin waje fassara shi suka yi ta yi. Ɗan manomi yana karanta ilimin lissafi da na ƙasa da na lafiya da harshen uwarsa. Zuwa farkon ƙarni na 20 sama da kashi 90 cikin 100 na yara suna makaranta, maza da mata.

Ku haɗa wannan da namu tarihin. A 1902 Ingila ta ƙulla ƙawance da Jafan a matsayin tsara. A 1903 sojojin Ingilar nan suka ci Kano da Sakkwato. A 1905 Jafan ta nutsar da rundunar ruwan Rasha a mashigin Tsushima. Shari'ar baƙi ta dawo hannunsu a 1899, kuɗin fito a 1911. Daga tashin jirgin Iwakura zuwa 1911, shekara nawa? Wa zai faɗa? Arba'in. Na gode, ɗana. Arba'in cif.

Shugaban taro ya turo mini takarda, saura minti goma. To, na uku, ko in ce sauran gaba ɗaya, bari mu yi sauri.

Darasin Bismarck sun haddace shi fiye da kima. Wanda aka yi wa fin ƙarfi ya juya yana yi wa maƙwabta. Sun ci Sin a 1895 sun karɓe Taiwan. Sun haɗiye Koriya a 1910. Ito ɗin nan da na ambata, wani ɗan kishin Koriya ne ya harbe shi a 1909. Sun mamaye Manchuriya, yankin arewa maso gabashin Sin, a 1931, yaƙi da Sin gadan-gadan a 1937, da kisan gillar birnin Nanjing, da matan da aka tilasta wa zama a sansanonin soja. Makarantar da ta koya wa yaro karatu, ita ta koya masa cewa mutuwa don sarki ta fi komai. Ba na son kowa ya fita daga nan yana yabon Jafan bai san wannan ba, don har gobe Koriya da Sin ba su manta ba. Jafanawa suka kai wa Amurka hari a Pearl Harbor a Disambar 1941. Ƙarshenta Tokyo ta ƙone a Maris 1945, mutum kamar 100,000 a dare guda. Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, a Nagasaki ranar 9, suka miƙa wuya ranar 15. Jafanawa kimanin miliyan uku suka mutu a yaƙin, na sauran ƙasashen Asiya sun ninka haka.

Amurka ta riƙe ƙasar har 1952, aka yi sabon tsarin mulki a 1947 wanda sashe na tara ya ce sun bar yaƙi. Gine-gine sun rushe, amma injiniya da malami da ma'aikacin da ya iya karanta takardar inji suna nan. Shi ya sa na ce muku tashin ya girmi bam. Yaƙin Koriya na 1950 ya kawo musu ciniki. Honda ya fara da ɗaura ƙananan injuna a jikin kekuna. Toyota asalinsu masu ƙera injin saƙa ne. A 1964 jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen, ya fara aiki, Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik. A 1968 suka wuce Jamus ta Yamma a girman tattalin arziki. Sun biya da lafiyarsu, don a Minamata gubar masana'anta ta shiga kifi ta nakasa mutane. Farashin filaye da hannun jari ya kumbura ya fashe a farkon shekarun 1990, Sin ta wuce su a 2010. Yau damuwarsu tsufa ce. Haihuwa ta ja baya, yawan jama'a yana raguwa tun wajen 2008, kusan kashi 30 cikin 100 sun kai shekara 65. Akwai ƙauyukan da aka rufe makarantunsu don babu yara.

In da mai tambaya, bismillah. Hajiya, ga abin magana nan an kawo miki.

(Wata malama ta tambaya: Malam, ka ce baitulmali ba kuɗi. To tafiyar shekara biyu, da albashin baƙi, da layin dogo, da makarantu, wa ya biya? Bashi suka ci?)

Allah ya saka da alheri, Hajiya. Wallahi wannan tambayar ta cancanci lacca tata ita kaɗai. Bashin waje kaɗan suka ci a farko, sun ciwo a Landan don layin dogon nan, amma suna tsoronsa, sun ga abin da bashi ya jawo wa Masar. Manomi ne ya biya, Hajiya. Manomi da 'yarsa.

A 1873 aka sauya haraji. Da shinkafa ake biya, gwargwadon abin da aka girbe. Yanzu aka ƙiyasta darajar kowace gona, aka ce kashi uku cikin 100 na darajar duk shekara, kuma da kuɗi. Damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuɗin nan ba ya sauyawa. Mafi yawan kuɗin shigar gwamnati a shekarun farko daga nan yake. A shekarar kuma aka ce kowane saurayi zai yi aikin soja, an ɗauke wa gona hannu. Makarantar ma mutanen gari ne ke gina ta, su biya kuɗin yara, ba a soke kuɗin firamare ba sai 1900. Kada ku zaci da tafi aka karɓa. Manoma sun yi bore, a wasu lardunan makarantun suka cinna wa wuta. Har gwamnati ta rage harajin zuwa biyu da rabi a 1877. A shekarun 1880 farashin amfanin gona ya faɗi, manoma da yawa suka rasa gonakinsu, suka koma noman haya a ƙasar da ta kasance tasu.

Kuɗin waje kuma da ake sayo injuna da jiragen yaƙi, zaren siliki ne kan gaba wajen kawo shi. Wa ke kaɗa zaren? 'Yan mata daga ƙauye. Masana'antar gwamnati ta Tomioka, da aka buɗe a 1872 da ƙwararren Faransa, tana da ɗan sauƙi. Amma a na 'yan kasuwa, wakili zai zo ƙauye ya ba uba kuɗi a hannu, ya tafi da yarinya 'yar shekara 13 ko 14. Ta kwana a ɗakin ma'aikata, ta yi aikin awa 12 ko fiye, hannunta cikin ruwan zafi. Tarin fuka ya kashe su da yawa, wadda ta kamu sai a mai da ita gida. Dokar kare ma'aikata ba a yi ta ba sai 1911, ba ta fara aiki ba sai 1916. Ga Tsuda Umeko a jikin kuɗi, waɗannan kuwa ba a san sunayen yawancinsu ba. Masana'antun da aka gina da harajin manomi kuma, gwamnati ta sayar da su da araha ga manyan gidajen kasuwanci, Mitsubishi ta samu wurin ƙera jiragen Nagasaki, Mitsui ta samu Tomioka.

Manomin bai samu sa'ida ba sai bayan yaƙi. Tsakanin 1947 da 1950 aka tilasta wa masu manyan filaye su sayar wa gwamnati, ita kuma ta sayar wa masu noman haya da arha. Kafin nan kusan rabin gonakin ƙasar na haya ne, bayan nan ya koma kamar kashi 10 cikin 100. Jikokin waɗanda suka ƙona makarantu su ne suka mallaki gona, suka tura 'ya'yansu sakandare, 'ya'yan suka cika masana'antun Toyota da Sony.

Na ga hannu biyu a can baya, amma shugaban taro ya miƙe, kuma an kira salla. Ku same ni a waje bayan an idar. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.